Gurbin Babban Yatsa

Zugu, 9 ga Satumba, 2021

Zuwa ga baiwata Naja'atu, ɗiyar Goggo, malamar asibiti a Zariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan takarda da na yago daga littafina na aji huɗu, inda ni da boko munka yi sallama ba faɗa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulwahabu da yara. Mu nan lafiya lau, irin lafiyar da ake faɗa wa na nesa.

Mun iso gida ranar Alhamis da la'asar, ba wanda ya tare mu sai ramukan hanya. Washegari anka kashe waya a jihar nan kaf, wai don kada mutanen daji su yi magana da junansu. Su dai ban san ko sun yi shiru ba, mu kam mun yi. Na hau tudun bayan gari, na hau kuka, na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa, ko ɗigo. Alkawarin da na yi wa Dakta Mas'ud na kira kullum, wanda a kansa ya yarda ya sallame mu, ya koma hannun Hudu direba. Duk sanda ya biyo daga Gummi za shi wajenku, zan tare shi a mararraba da takarda.

Ki gaya wa Dakta ban manta karatunsa ba, ga hadda a ji. Hanjin yarinyar ya murɗe ya mutu, anka yanke mafi yawansa, abin da ya saura bai kai igiyar ɗaure akuya ba. Wata huɗu ana ba ta abinci ta jijiya. Ita wannan allura ta sinadarin girma aikinta ta lallashi guntun hanjin ya riƙa tsotsar abinci fiye da da, ko Allah ya sa ta rayu da abin da ta ci da bakinta. Mako goma sha biyu, kullum sau ɗaya. An yi huɗu a wurinku, takwas suna wuyana. Na ci ko ban ci ba?

Kwalaben suna cikin firijin rigakafi na ɗakin shan magani, mai aiki da hasken rana. Duk garin nan ba wanda ya kai su jin daɗi.

Maganar awo kuma Allah ya kawo sauƙi ta hanyar wahala. An rufe kasuwannin mako, sikelin Nababa mai sayen wake yana rataye a zaurensa yana hamma. Inna ta sa yarinyar cikin zane ta ƙulla, a maƙala a ƙugiya, ni in karanta lamba. Kilo goma sha ɗaya da rabi. Shekara shida. Bunsurun Nababa ya fi ta da uku, kuma shi ba a taɓa kai shi Zariya ba.

Na san za ki tambayi yadda nake allurar, tunda ke kinka koya mini da lemu har lemun ya yi kuka. Kin san gidanmu. Ɗiyar fari ce, ta Inna ce tun ranar da anka yaye ta. Kulu da ta haife ta ba ta ɗaga ido ta dube ta gaban mutane. Ni ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta ba, kamar yadda Baba ya yi da babban wanmu har ƙasa ta rufe shi. Wata huɗun nan ma kin gani, ƙarƙashin dalbejiyar asibiti na yi su, ni ne ɗan aike. To ga tsarinmu: Inna ta ɗage zane daidai faɗin kwabo, ta mintsino fatar cinya, ni in soka in danna in zare, ina kallon kaji a tsakar gida. Hannuna ba ya taɓa ta. Allura ce kawai tsakaninmu.

Ita kuwa da ta ji takuna sai ta ce, "Inna, ga Yaya Halliru nan da ƙayarsa." Har yau ta ɗauka ita ce autar Inna, ni wanta ne marar aikin yi. Rabin maganar gaskiya ne.

Ki gaida Dakta da malaman ɗakin yara.

Ubangidanki na gado,
Halliru

Zariya, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Halliru, ubangidan da bai taɓa saya wa baiwarsa ko ƙosai ba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Inna da Kulu, a yi musu sannu da hanya.

Takardarka ta zo tana warin wake da baƙin mai. Na karanta wa malaman ɗakinmu wurin bunsurun Nababa, sun yi dariya har wata ta zauna. Dakta Mas'ud bai yi ba. Da ya ji an kashe waya ya daɗe yana kallon tebur, ya ce da ya san haka da bai sallame ku ba, ko da geronka zai ruɓe a gona. Ya ce hadda ta yi, amma ka bar rabin karatun: allurar nan gwaji ce da fata, wasu yaran takan taimake su, wasu ba ta yi musu komai. Ka kawo ta ranar da aka sa muku, in hanya ta yarda.

Ga abin da nake so ka riƙe. Na ɗaya, ruwan randa zalla da kayan zaƙi suna wanke mata ciki ne kawai. Ruwan gishiri da sukari na ƙunshin da muka ba ku, kurɓi-kurɓi, duk yini. Na biyu, abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma ka riƙa rubuta mini sau nawa ta yi bayan gida, sau nawa ta yi fitsari.

Na uku shi ne babba, kada ka karanta shi kana dariya. Allurar nan takan sa jiki ya riƙe ruwa. Yaron da hanjinsa ba ya tsotsar abinci kuma, jininsa yakan tsinke, ruwa ya tsiyaye cikin nama. Sikeli bai san bambancin ruwa da tsoka ba. Kowace safiya ka sa babban yatsanka a ƙwaurinta, ka danna, ka ƙirga biyar, ka ɗaga. In fata ta taso ta koma daidai, alhamdulillahi. In gurbi ya zauna, ka tsayar da allura ka taho da ita.

Kai nake nufi, ba Inna ba. Idon Inna ya yi rauni, kuma abin da take so shi take gani.

Na lura shafi biyu ka cika, ka ambaci sunan direba da na mai wake, saura kaɗan ka raɗa wa bunsuru suna. Sunanta LUBABATU. Ga shi na rubuta da manyan baƙi, takarda ba ta kama wuta ba.

Taubashiyarka,
Naja'atu

Zugu, 21 ga Satumba, 2021

Zuwa ga baiwata mai wa'azi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso ranar Asabar, na karanta sau biyu, na biyun a tsaye don girmamawa. Inna da Kulu suna amsawa. Mun fara yankan gero, bayana ya tuna mini cewa wata huɗu na yi ina zaman inuwa.

Zuwanmu bai yiwu ba. An tare hanyar Anka sau biyu cikin mako ɗaya, mai kuma ya zama kamar turare, ana auna shi da murfi. Amma ki zauna da kyau ki ji abin da zai sa Dakta ya daina kallon tebur.

Kilo goma sha biyu da ɗigo tara.

Na sa Nababa ya sauke yarinyar, munka rataya buhun da ya san nauyinsa don mu kama sikelin da ƙarya, sikeli ya rantse. Kusan kilo ɗaya da rabi cikin kwana goma sha biyu. Ni da na shekara talatin da biyar ina cin tuwo ban taɓa ƙara haka ba.

Gidan ya cika da mata. Tsohuwa Uwani ta leƙa ta ce, "Atine, ɗiyarki ta yi kumatu, wane boka kunka samu a Zariya?" Inna ta ce, "Bokan da ya fi naki, tofa albarka ki wuce." Ta yanka zakaranta ja ta yi sadaka. Daga ranar kuma ta ce bakin mutane ya yi yawa a kan yarinyar, ta mayar da ita ƙuryar ɗaki, ta lulluɓe ta da zane har tafin ƙafa, fuska kaɗai ake gani. Takalmin da kinka saya mata ya ƙi shiga. Warwaron hannunta da ke zamewa har gwiwar hannu yanzu ya zauna daram. Jiya na ji Kulu tana waƙa wurin daka. Rabon da in ji haka tun kafin azumi.

Lissafin da kinka nema: bayan gida sau bakwai, wata rana takwas, bai ragu ba. Abinci cokali uku ta ture kwano. Amma ga ƙiba tana ta zuwa. Boko dai abin mamaki ne, da na sani da na daure na kai aji biyar.

Ruwan randa muna fama. Takan ce, "Yaya, ka ce wa Inna ta ba ni na randa ko kaɗan, na gishirin nan kamar hawaye." Nakan ce wa bango, "A gaya mata likita ya hana." Bango ya isar.

Saura maganar yatsa. Wallahi na shiga da niyya. Na wanke hannu, na yi bismilla, na ɗaga labule, na tarar da mata huɗu zaune, har da uwar Kulu da ta zo dubiya. Surukata, Naja'atu. Yatsana da kansa ya koma aljihu. Da sunka tafi na ce wa Inna ta danna mini ƙafar ta gani. Ta ce, "Ɗiyata ba mangwaro ba ce da za a latsa a ji ko ta nuna." Na ce umurnin likita ne. Da maraice ta ce ta duba, lafiya lau, ƙafa ta yi ɓul-ɓul kamar ta ɗiyan sarauta. To kin ji. Yatsan Inna ya girmi nawa, ya fi shi sanin duniya.

In allurar ta rage, ki nemi izinin Dakta mu soka wa Malam Abdulwahabu. Shekara goma yana cin girkinki, har yau iska na kaɗa shi cikin riga.

Naki,
Halliru, uban masu ƙiba

Zariya, 25 ga Satumba, 2021

Halliru,

Salamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, Hudu ya ce gobe da sassafe zai juya.

Ka tsayar da allurar yau. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, kada ka ƙara soka ko ɗaya.

Yarinyar da ke cin cokali uku, tana bayan gida sau takwas, ba ta da inda za ta samo kilo ɗaya da rabi na nama. Ruwa ne. Kumatun ruwa ne, warwaron ruwa ne, takalmin ruwa ne. In ya cika ƙafafu ciki yake hawa, daga ciki sai ƙirji. Na kai wa Dakta takardarka yana tsakiyar zagayen marasa lafiya, ya karanta a tsaye, ya rubuta wannan ƙaramar da na ninke a ciki. Ba sai Zariya ba. Duk asibitin da ya fi kusa, Anka ko Gummi, ka kai ta ka ba likitan wurin.

Na ce maka kai, ba Inna ba. Inna ta shafa ƙafar ne ta ji laushi ta gode wa Allah. Ban ga laifinta ba, ba ita na koya wa ba.

Ni ma a gidan nan na tashi, na san kunyar ɗan fari, uwata ba ta kira sunan yayata ba har ta rasu. Amma yayata tana da hanjinta cikakke. Ban damu ko mata huɗu ne a ɗakin ba, ko arba'in, ko da liman a tsakiyarsu. Ka durƙusa ka buɗe zanen ka dubi 'yarka.

Ka aiko mini da amsa ko layi ɗaya ne.

Naja'atu

Zugu, 3 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Malama Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma gaida Malam Abdulwahabu gaisuwa ta musamman, da girmamawa, da janye magana.

Kwana goma sha biyu ba amsa. Na je mararraba sau huɗu, ba Hudu ba labarinsa. Wannan na ba Ɗantani ne, zai fita har Funtuwa neman inda waya ke kamawa, ya ce zai sa ta a motar Zariya.

Na zauna na auna shirunki. Ko dai maganar girki ta yi zafi, ko kuwa labarin ya yi daɗi har ba abin da za a ƙara. In ta farko ce, na tuba. Malam ba siriri ba ne, tsayi ne ya yi masa yawa. Girkinki kuwa na ci wata huɗu ban mutu ba. In ta biyu ce, to na gode, ina nan kan aiki. Na ɗauka dai da akwai abin tsoro da kin nemo hanya, ke da ba ki iya shiru ba.

Kilo goma sha huɗu da ɗigo biyu. Mun wuce inda muke fata, saura kaɗan mu kamo bunsuru.

Allura ban tsallake ko ɗaya ba. Ranar Talata da hantsi anka ce ga mutanen daji nan tafe ta gabas, gari ya watse cikin dawa. Inna ta ƙi fita, ta ce ita da ɗiyarta ba mai ɗaga su. Ashe wucewa sunka yi. Da na fito daga dawar, kafin in nemi awakina sai da na je firiji. Ki gaya wa Dakta yana da soja a Zugu.

Sai dai akwai abubuwa, ban san ko na rubutawa ba ne. Yanzu yarinyar ba ta fitowa ko bakin ƙofa. Awon ƙarshe goyo Inna ta yi ta kai ta, tana nishi, tana alfahari. Ba ta son kwanciya, a zaune take barci an tokare ta da matashi. In na shiga nakan ji numfashinta kamar wadda ta yi gudu, alhali ba inda ta je. Inna ta ce nauyin jiki ne, haka masu ƙiba suke. Warwaron sai da anka kira maƙeri ya datse shi. Shekaranjiya ta ce, "Yaya, kaina kamar an ɗora mini tulu."

Fitsari kuma, na tambayi Kulu, Kulu ta tambayi Inna, Inna ta ce mu ji da rashin ta-idonmu.

Yatsan nan yana nan tare da ni. Kullum da shi nake danna allurar, yana wucewa kusa da ƙafar kamar tazarar taki ɗaya. Kullum nakan ce gobe, in ɗakin ba kowa. Ɗakin Inna kuwa bai taɓa zama ba kowa, tunda Inna na ciki.

Ki rubuto ko zagi ne.

Halliru

Asibiti, Anka, 8 ga Oktoba, 2021

Naja'atu,

Salamu alaikum. Muna Anka, ni da ita. Tana da rai.

Takardarki ta ashirin da biyar ga wancan wata ta same ni shekaranjiya Laraba, kwana goma sha ɗaya bayan kin rubuta. An tare su Hudu bayan sun wuce Gusau, anka tafi da fasinja shida, shi ya tsira da ƙafa. Motar ta yi kwanaki a ofishin 'yan sanda, takardar na cikin aljihun ƙofa. Da ya karɓo motar shi da kansa ya biyo ni har gona, yana ɗingishi. A ranar ma na riga na yi allurar safe.

Na karanta a tsaye cikin karan gero. Ban tuna yadda na iso gida ba, sai dai an ce da lauje a hannuna na shiga.

Mata uku ne a ɗakin, da Inna. Kulu tana bakin ƙofa tana tankaɗe. Na wuce su na durƙusa gaban gadon. Inna ta ce, "Halliru, mi kake yi? Ka rasa kunya?" Na ce, "Na rasa, Inna." Na yaye zanen.

Ban san ƙafafun ba. Ba zan ce sun canja ba, tunda ban san yadda suke a da ba. Sun yi kamar goruna biyu, suna ƙyalli, ba idon sawu, yatsun kamar an liƙa su daga baya. Na ɗora yatsana a ƙwaurin na danna. Ya shige kamar cikin ƙullun da ya kwana. Na ƙirga biyar da ƙarfi, kowa na ji. Na ɗaga.

Yatsan nan na dangwala shi a zaɓe huɗu, bai taɓa barin alama a kan komai na duniya ba. Ranar ya bari. Gurbi ya zauna, mai zurfin da zai riƙe ƙwayar gyaɗa. Munka tsaya muna kallonsa, ni da Inna da matan, muna jira ya cike. Ya ƙi.

Yarinyar ce ta fara magana. Ta ce, "Yaya, hannunka da sanyi."

Inna ta sa nata yatsan a ɗaya ƙafar, ta danna, ta ɗaga. Sai ta zauna a ƙasa. Kulu ta ajiye rariya ta shigo, gaban uwar mijinta da baƙi, ta kwance majanyin da take goya ƙanen yarinyar da shi, ta ɗago yarinyar ta ɗora mini a baya, ta ɗaure mu tare. Ƙullin ya yi kyau, har Anka bai motsa ba.

Nababa ya tsiyayo man injin niƙansa ya zuba a babur, shi ya tuƙa. Mun bi ta gonaki, mun kauce wa babbar hanya inda ya kamata. Duk tafiyar ina jin numfashinta a wuyana, ina ƙirgawa, in na ɓace in sake daga ɗaya. Wajen rabin hanya ta ce, "Bayanka duk ƙashi ne. Na Inna ya fi daɗi." Na ce haka ne, a yi haƙuri, shi kaɗai gare ni. Wannan ce magana ta farko da na yi mata ba ta bango ba.

A asibiti malamar da ke rubutu ta ce, "Sunan yarinya?" Na waiga. Wata huɗu a Zariya kullum akwai mai amsa wannan tambaya, Inna ko ke. Na waiga dama, na waiga hagu, Nababa yana waje wurin babur. Ta ce, "Malam, ba 'yarka ba ce?" Na ce tawa ce. Ta ce, "To sunanta." Na faɗa. Ta ce in ɗaga murya ba ta ji ba. Na sake.

Na ba likitan takardar Dakta. Sun sa mata iska ta hanci, suna ba ta maganin fitar da ruwa. Ya ce ruwan ya kai huhu, jinin kuma ya tsinke ƙwarai. Bai yi mini faɗa ba. Na so ya yi.

Ki yi mana addu'a.

Halliru

Zariya, 12 ga Oktoba, 2021

Ɗan'uwana Halliru,

Wa alaikumus salam. Takardunka biyu sun zo rana ɗaya, ta ban haƙuri da ta Anka. Na fara da ta ban haƙurin, ina karantawa ina cizon yatsa. Ban yi fushi da maganar girki ba, sakarai. Yaushe na taɓa fushi da kai a shiru?

Dakta ya ce da numfashinta ya daidaita a taho da ita, a mayar da ita kan abincin jijiya. An ajiye mata gadonta na kusa da taga. Na nemi hutu, in an ba ni zan taho da kaina mu dawo tare.

Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Na san gidan, na san ka, na kuma ba ka aikin da na san hannunka zai ƙi. Wata huɗu kuna gabana. Lemu na ba ka ka soka. Da na kama hannunka na ɗora a ƙafarta tun a nan, gaban Inna, a ce malamar asibiti ce ta tilasta, da kunyar ta faɗo kaina an wuce wurin.

Ka ci abinci. Ka gaya wa Lubabatu Goggonta ta Zariya ta sayi wani takalmin.

Naja'atu

Zugu, 19 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga 'yar'uwata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kada ki taho. A ba wani gadon na kusa da taga.

Allah ya karɓi abinsa ranar Juma'a da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardarki ta zo washegari, ta tarar da mu muna zaman gaisuwa.

Ruwan ya fita, kamar yadda sunka so. Da ya fita sai ga abin da ke ƙarƙashinsa. Sun auna ta a sikelin asibiti, wanda ba ya sayen wake: kilo tara da ɗigo takwas. Duk kwanakin da muke yanka zakara, ita raguwa take yi a cikin ruwan. Sai zazzaɓi ya shigo, bai sami abin da zai yi kokawa da shi ba.

Na tambayi likitan, na ce ya gaya mini gaskiya, ni ba yaro ba ne, tsohon ɗan aji huɗu ne. Ya ce ba allurar kaɗai ba ce, hanjin ne ya kasa, allurar ta ƙara ruwa a kan ruwa. Ya ce da na zo da wuri da sun sami lokaci, amma ba zai ce mini da ta rayu ba. Mutumin kirki ne. Ni dai na ƙirga. Daga ranar da kinka fara ce mini in danna zuwa ranar da na danna, allura goma sha tara na yi mata. Sau goma sha tara ina durƙuso gabanta ina kallon kaji.

Kwana tara na samu. Ni na riƙa ba ta ruwan gishiri da cokali, ni na riƙa juya ta. Ashe tana da tabo a bayan kunnen hagu, an ce faɗuwa ta yi tana shekara uku, ina gari. Ashe in za ta yi dariya hanci take fara murtukewa, irin na Baba. Ranar Laraba ta ce, "Yaya, Inna ta san kana taɓa ni?" Na ce ta sani. Ta ce, "Ba ta yi faɗa ba?" Na ce ta yi kaɗan. Ban gaya mata ko ni wane ne ba. Na ce sai ta ji sauƙi, kada in haɗa mata ciwo biyu.

Ni na ɗauke ta a hannu zuwa makwancinta. Dattawa sun miƙo hannu su karɓa kamar yadda anka saba, na yi kamar ban gani ba.

Inna ba ta cin abinci sosai. Gutsattsarin warwaron suna ƙulle a bakin zanenta. Jiya ta ce mini, "Ni na rufe ta." Na ce, "Ni kuma ban buɗe ba." Munka bar maganar a nan. Kulu tana gaishe ki.

Hudu zai kawo miki kula da ƙanƙara a ciki, da sauran allurar kwana ashirin da biyu. Ba ta taɓa yin zafi ba, wannan aikin kam na iya shi. In Dakta ya ga tana da amfani ga ɗan wani, a ba shi. Ki koya wa uban da lemu. In kin gama ki kama yatsansa, kamar yadda kinka ce.

Abu ɗaya ya rage. Na faɗi sunan sau biyu a asibiti, amma ban taɓa rubuta shi ba. Na ɗauko takardarki ta farko na ajiye a gefe ina kwaikwayo.

Lubabatu.

Lubabatu Halliru.

Ki duba mini ko ya yi daidai.

Ubanta,
Halliru